Daga zanin goyo zuwa majalisa: yadda ƙuruciya ke bin matashin Kano

Idan saurayi mai shekara 22 ko 25 ya lalace a Kano, tambayar farko da muke yi ita ce, da wa yake yawo? Idan yarinya ta dawo gida wata shida bayan biki, a ce ba ta da haƙuri, ko kuma mijin ne ba shi da kirki. Idan kuwa yaro ya gama karatu ya shige ɗaki, ba ya fita, abinci sai an matsa masa, magana ma da ƙyar, nan da nan a fara zancen sammu ko iska. Ba a rasa ƙamshin gaskiya a wasu daga cikin waɗannan bayanan. Aibinsu shi ne duk suna ɗauko labarin daga jiya da shekaranjiya, alhali mutumin da ake magana a kansa ya shafe shekara 20 da ɗoriya ana ƙera shi, a tsakar gida, a makarantar allo, a kan layi, a wurin sana'a.

Abin da nake nufi da matashi ya zauna daidai ba shi da wuyar ganewa. Jikinsa lafiya, yana samun barci, yana iya riƙe sana'a ko aiki ba tare da ya yi faɗa da kowane maigida ba, yana iya zama da mace ko miji, kuma idan rai ya ɓaci ko kasuwa ta juya baya yana da abin da zai dafa ban da ƙwaya. Waɗannan abubuwan suna da saiwa, kuma masu bincike sun daɗe suna bin saiwar, wani lokacin ta hanyar bibiyar yara ɗaya tun ranar haihuwa har suka yi furfura.

A fara da ciki, domin da shi ake farawa. Likitoci suna maganar kwana 1,000 na farko, wato daga ɗaukar ciki zuwa cikar yaro shekara 2. A wannan tsakanin ƙwaƙwalwa take girma da saurin da ba za ta sake yin irinsa ba, kuma kafin yaro ya shiga aji ɗaya na firamare ta kai wajen kashi 90 cikin 100 na girman ta babba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa adadin ya kai kashi 57. Tamowa kowa ya san ta, domin tana bayyana a ido: gashi ya yi ja, ƙafa ta kumbura, a ɗauki yaro a nufi asibitin Hasiya Bayero. Tsumburewa ita ce mai shiga a ɓoye. Yaro yana wasa, yana gudu, sai dai ana cewa ai gajere ne, ya ɗauko kakansa. Alhali kunun da babu gyaɗa ko waken suya a ciki, da gudawar da ke dawowa duk damina, da zazzaɓin cizon sauro, sun riga sun ci wani abu daga tsayinsa da kuma saurin fahimtarsa. Wannan yaron ne za a zaunar a aji mai ɗalibai fiye da ƙima, a ce masa daƙiƙi, har ya yarda, ya bar makarantar.

Amma abinci ba shi ne dukan labarin ba, kuma akwai wani gwaji da ya kamata duk mai ɗa ya san shi. A shekarun 1986 da 1987, a unguwannin talakawa na birnin Kingston a ƙasar Jamaika, masu bincike ƙarƙashin Sally Grantham-McGregor sun ɗauki yara 129 da suka tsumbure, aka raba su rukuni-rukuni ta hanyar ƙuri'a. Wasu an riƙa kai musu madara. Wasu kuma ma'aikaciyar lafiya ce take zuwa gidansu sau ɗaya a mako, tsawon shekara 2, ta zauna da uwa awa guda tana nuna mata yadda za ta yi wasa da ɗanta, ta yi masa magana, ta faɗa masa sunayen abubuwa, ta yaba masa idan ya yi daidai. Kayan wasan ma na gida ne, irin gwangwani da tsumma. Bayan shekara 20 aka koma aka nemo su. Waɗanda aka koya wa iyayensu wasa da hira suna samun kuɗi fiye da takwarorinsu da wajen kashi 25 cikin 100, har sun kamo yaran da ba su taɓa tsumburewa ba. Amfanin madarar kuwa bai daɗe haka ba. Tunda da ƙuri'a aka raba yaran, babu damar a ce ai dama waɗancan 'ya'yan masu hali ne.

Wannan binciken yana taɓa ni, domin mu Hausawa muna da rabin abin tun asali. Jaririnmu ba ya kwana shi kaɗai a wani ɗaki. Yana bayan uwarsa, yana jin ɗuminta da muryarta, daga hannun goggo zuwa na kaka, ana yi masa tawai, ana yi masa kirari. Inda muke sakaci shi ne bayan yaye. Da zarar ƙani ya zo, yaron shekara 2 ya zama babba, a miƙa shi ga yayarsa mai shekara 7. Idan ya yi tambaya a ce ya cika surutu. Tatsuniyar dare da ta kasance makarantar harshe ta koma kallon waya. Ga kuma kunyar ɗan fari, wadda al'ada ce mai ma'ana a babban gida inda kaka ko goggo za ta rungume yaron ta zame masa uwa. A ɗaki ɗaya na haya a Kurna ko Sheka, inda babu kaka babu goggo, uwar da ba ta kiran sunan ɗanta, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ta bar shi babu kowa. Al'adar ta biyo mu gidan haya, mutanen da ke cike giɓinta ba su biyo mu ba.

Sai kuma tsoro, wanda a ganina shi ne abin da muka fi raina illarsa. Tsakanin 1995 da 1997, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka da wani kamfanin inshorar lafiya, Kaiser Permanente, sun tambayi manya fiye da 17,000 a Kalifoniya abin da suka gani kafin su cika shekara 18: duka, zagi da wulakanci, lalata da su, rabuwar iyaye, ganin ana dukan uwa, zama da mashayi ko mai taɓin hankali a gida. Likitoci biyu, Vincent Felitti da Robert Anda, suka fara fitar da sakamakon a 1998. Kusan biyu cikin uku sun ga aƙalla ɗaya, wajen mutum ɗaya cikin takwas kuwa ya ga huɗu ko fiye. Abin da ya girgiza likitoci shi ne yadda lamarin ke hawa kamar matakala: gwargwadon yawan abin da mutum ya gani yana yaro, gwargwadon haɗarin da yake ciki na shaye-shaye, ciwon damuwa da yunƙurin kashe kai, har ma da ciwon zuciya da na hanta. Kuma waɗannan mutane ne masu aiki da inshora a ƙasa mai arziki. A Najeriya, binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2014 ya gano cewa yara 6 cikin 10 sun fuskanci wani nau'in cin zarafi kafin shekara 18, kuma yarinya 1 cikin 4 da yaro 1 cikin 10 an ci zarafinsu ta hanyar lalata.

Yaya abin da ya faru da yaro yana shekara 6 zai zama hawan jini ko shan ƙwaya yana shekara 26? Jikin ɗan Adam yana da tsarin ko-ta-kwana. Idan haɗari ya taso, jiki ya saki sinadarai irin su kotisol, zuciya ta ƙara bugu, tsoka ta ɗaure, mutum ya shirya gudu ko faɗa. Idan haɗarin ya wuce, komai ya lafa, kuma ga yaro, abin da ke saurin lafar da shi shi ne babban da zai ɗauke shi ya rarrashe shi. To idan wanda ya kamata ya rarrasa shi ne abin tsoron, tsarin ba ya samun hutu. Yaron sai ya zama kamar maigadin da ɓarayi suka taɓa shigo masa: ko kyanwa ce ta taɓa kwano sai ya zabura da gora. Haka zai girma. Kallo kaɗan ya ga raini, gyara kaɗan daga maigida ya ji an ci mutuncinsa, barci ba ya zuwa. Ranar da aboki ya miƙa masa tiramadol ko kwalbar sirof ya ji a karon farko ƙirjinsa ya saki, ya sami abin da ya daɗe yana nema. Wannan ba uzuri ba ne ga shaye-shaye, amma duk mai son raba shi da ƙwayar dole ya san aikin da take yi masa.

A garin nan, hanyar da yara suka fi shiga wannan halin ita ce mutuwar aure. Mu kan yi lissafin zawarawa, har gwamnati da Hisba su shirya musu aure, amma ba mu cika lissafin 'ya'yan ba. Duba agola a gidan mijin uwarsa. An zuba abinci, 'ya'yan gida sun kewaye kwano, shi yana tsaye a bakin ƙofa yana karanta fuskar maigidan kafin ya sa hannu. An yi ɗinkin Sallah, nasa ya zo daga baya, ko bai zo ba. Idan ya koma gidan ubansa, matar uba tana da nata 'ya'yan. Babu wanda ya dake shi, babu tabon da za a nuna, amma ya koyi darasi guda da zai kai shi har gidan aurensa: cewa zamansa a ko'ina na aro ne, kuma kowa na iya juya masa baya. Akwai matan uba da mazan uwa masu tsoron Allah da suka riƙe irin waɗannan yaran fiye da nasu, kuma duk unguwa an san su. Da su ne suka fi yawa, da ba a yi wannan maganar ba. Haka nan yaron da aka kawo birni almajiranci yana shekara 6. Niyyar uban alheri ce, kuma karatun Alƙur'ani ba shi ne abin zargi ba. Sai dai malami ɗaya ba zai iya zama uwa da uba ga yara da dama ba, kuma yaron da zazzaɓi ya kama cikin dare a soro babu mai taɓa goshinsa yana koyon wani karatu daban.

Game da duka, na san inda za a tare ni: ai mu ma an dake mu, ga mu nan. Gaskiya ne an daki da yawanmu, amma a tuna yadda abin yake a gidajen da suka yi albarka. Uban da ya yi bulala shi ne kuma yake tafiya da kai masallaci, ya sayo maka tsire, kuma ka san laifin da ka yi. Wanda ke karya yaro shi ne dukan huce haushi, na yau da gobe, wanda ba a san abin da zai jawo shi ba, tare da zagin da ke cewa ba za ka taɓa yin albarka ba. Irin wannan yana samar da ladabin ganin ido, yaro ya yi lakwas idan uba na nan, ya zama wani abu daban da zarar ya fita. Kamun kai wani abu ne daban, kuma shi ne mai amfani a gaba. A garin Dunedin na ƙasar New Zealand an bibiyi yara 1,037 da aka haifa a 1972 da 1973, aka ga waɗanda suka fi iya kame kansu suna ƙanana sun fi lafiya da rufin asiri suna shekara 32, kuma sun fi tsira daga hannun hukuma, ko da an cire tasirin arzikin iyaye da kaifin ƙwaƙwalwa. Yaro yana koyon kame kai ne daga ganin babba yana kame nasa. Addininmu ma bai bar mu cikin duhu ba: da wani mutum ya ga Annabi (SAW) yana sumbatar jikansa Hasan, ya ce shi yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, amsar da ya samu ita ce wanda ba ya jin ƙai ba za a ji ƙansa ba.

Muna yawan cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, sai dai muna saurin yanke hukuncin cewa ya bushe. Balaga ƙofa ce ta biyu. A shekarun nan ƙwaƙwalwa tana sake tsari, kuma ɓangarorinta ba sa nuna tare. Ɓangaren da ke son daɗi, da burgewa, da yabon abokai yana kunnuwa da wuri, shi kuwa ɓangaren da ke bayan goshi, mai auna sakamako da taka wa zuciya burki, ba ya kammala nuna sai wajen shekara 25. Shi ya sa yaro mai hankali a gida zai aikata abin da ba a zata ba idan yana cikin tsara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matashi 1 cikin 7 'yan shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin irin waɗannan larurori suna farawa ne kafin shekara 14, galibi ba tare da an gane ba.

Daidai wannan lokacin ne muke sakin yaro namiji. Ya kai 13 ko 14, ba ya kwana a ɗakin uwarsa, gidan kuma babu wani ɗakin, sai ya koma shago ko soro tare da samarin layi. Ba a san lokacin da ya shigo ba, ba a san abin da ya ci ba. Majalisa ta zama gidansa, kuma wanda ya fi kowa faɗa a ji a majalisar shi ne sabon ubansa. Idan an yi sa'a mai sana'a ne. Idan ba a yi ba, wanda ke raba ƙwaya ne, ko mai tara yara idan kakar siyasa ta zo. Daba tana ba yaro abin da gida ya hana shi: suna, kariya, da jin cewa idan an taɓa shi akwai masu tashi. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 suna ta'ammali da ƙwaya a Najeriya, kuma a shekarar ce gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Hanin ya taɓa kwalbar, amma dalilin da ya sa yaro ke nemanta yana nan, shi ya sa wani abin ya maye gurbinta.

Ita yarinya ba sakinta ake yi ba, shiru ake koya mata. Ta fara al'ada babu wanda ya yi mata bayani. Tana talla har bayan isha'i, idan wani ya taɓa ta gida zai rufe maganar don kada ta rasa miji. Ta shiga aure da wannan ƙullin a ciki, kuma duk nasihar da aka yi mata ranar kai ta ba ta wuce yi-na-yi bari-na-bari da haƙuri ba. Bayan haihuwar fari, idan ta kasa barci, tana kuka ba dalili, ba ta jin son ɗaukar jaririn, sai a ce shagwaɓa ce, alhali ciwon damuwa bayan haihuwa larura ce sananniya mai magani. A nan ne zaren ke komawa farko, domin a Kano shekarun farkon girma su ne shekarun fara haihuwa. Mai shekara 20 da ke fama da abin da aka yi mata ita ce ke riƙe da kwana 1,000 na wani.

Duk alƙaluman nan suna magana ne a kan taron jama'a, ba su yanke wa mutum ɗaya hukunci ba. A tsibirin Kauai na Hawai, Emmy Werner ta bibiyi yara 698 da aka haifa a 1955. Cikin waɗanda suka taso a talauci da gidaje masu rikici, kusan ɗaya cikin uku sun girma lafiya lau, masu aiki da iyali. Abin da ya yi ta maimaituwa a rayuwarsu shi ne samun aƙalla babba ɗaya da ya tsaya musu, ko da ba iyayensu ba ne: kaka, malami, maƙwabci. Wannan kuwa abu ne da Kano ta sani sarai. Je Kantin Kwari ko Singa ko Kofar Ruwa ka tambayi manyan 'yan kasuwa, da yawa za su ambaci maigidan da ya ɗauke su suna yara. Yaron shago yana buɗewa da safe, ya share, ya jera atamfa, a aike shi banki da kuɗin da bai taɓa riƙewa ba, ya dawo a ƙirga a ga sun cika, gobe a ƙara masa. Maigida ya san ranar da bai zo ba, ya aika gida a duba. Bayan shekaru a yaye shi da jari, wani lokacin har a yi masa aure. Ana samun masu cin gumin yara a wannan tsarin, amma inda ya tafi daidai, yana ba matashi duk abin da daba ke yi masa alkawari, tare da sana'a a hannu. Haka gareji, haka shagon ɗinki, haka malamar islamiyya da yarinya za ta iya tsayawa bayan an tashi ta faɗa mata abin da ba za ta iya faɗa wa uwarta ba.

Wanda kuma abin ya riga ya kama shi, ƙwaƙwalwar babba ma tana karɓar gyara, sai dai a hankali. Abin da ba ya gyara ta shi ne ƙarin tsoro. Gidajen mari da 'yan sanda suka fasa a 2019, tun daga na Rigasa a Kaduna inda aka fito da mutum fiye da 300, iyaye ne suka kai 'ya'yansu da hannunsu saboda sun rasa yadda za su yi, kuma sarƙa da bulala ba su cire abin da ya kai yaran ga ƙwaya ba. Akwai asibitin Dawanau, akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, kuma zuwa can ba ya hana addu'a ko ruƙiyya. Sai dai likitocin wannan fanni 'yan ɗaruruwa ne kacal a ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200, don haka ba za su taɓa isa ba idan aka jira sai yara sun girma sun rushe.

Dokoki sun fara samuwa. A 2023 aka samu sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa wadda ta maye gurbin ta 1958, a shekarar kuma Kano ta sa hannu a dokar kare yara. A 2024 jihar ta wajabta gwajin lafiya kafin aure. Wannan ta ƙarshen ta buɗe wata dama da ban ga ana maganarta ba. Tunda ango da amarya dole su je asibiti a ɗebi jininsu, a nan ne ya kamata wani ya zauna da su rabin awa a kan abin da jariri ke buƙata, da alamomin damuwa bayan haihuwa, da makomar 'ya'ya idan zama ya ƙi. Haka ranar awo da ranar rigakafi a asibitocin sha-ka-tafi, inda mata ke zaune a benci awa biyu ko uku suna jiran layi da jarirai a cinya. Abin da ma'aikatan lafiyar Jamaika suka koya wa iyaye ba ya buƙatar na'ura ko sabon gini, kuma ungozomomi da ma'aikatan rigakafin da ke shiga gida-gida a unguwanninmu za su iya koyonsa cikin 'yan makonni.